Filin Tambaya da Amsa: Wai 'Yan Hindu Ma Suna Alwala Ne?

Jama'a assalamu alaikum. Tunda muka taɓo zancen Indiya a fitowar da ta wuce saƙonni ke ta shigowa, kuma yawancinsu kan abu ɗaya ne, wanka da tsarki a addinin Hindu. Na tsamo guda shida. Amma tun kafin masu saurin hannu su fara rubuto min "Malam ko ka koma can ne", yadda masu addinin suke yi da yadda su suke fassara abunsu zan kawo, ba fatawa zan bayar ba, wannan fagen malamanmu ne.

TAMBAYA daga wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a Bangalore:

Salam Malam, ya aiki. Ɗakinmu ɗaya a hostel da wani yaro ɗan Hindu daga Tamil Nadu, yaron kirki ne wallahi amma yana ɗaure min kai. Kullum kafin in tashi sallar asuba ya riga ni shiga banɗaki, yayi wanka da ruwan sanyi ya ɗaura wani farin zani, daga nan baya yarda ko gefen rigata ya goge shi, sai ya zauna da ɗan kofin tagulla da wani ƙaramin cokali ya zuba ruwa a tafin hannu ya kurɓa sau uku yana ƙus ƙus, ya shafa ido da kunne da kai. Dan Allah alwala ce wannan? A wurinmu suka kwaikwaya ko kuwa? Kuma ƙyamata yake ji ne da baya so in taɓa shi?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya bada sa'ar karatu. Abun da kake gani sunansa acamana, kuma ba a wurinmu suka ɗauka ba, littattafansu da suka bayyana yadda ake yinsa sun girmi shigar Musulunci Indiya da ɗaruruwan shekaru. Lanƙwasa tafin hannun dama ake yi a zuba ruwa ɗan mitsitsi, wanda bai wuce ya rufe ƙwayar wake ba, a kurɓa ta wajen gindin babban yatsa har sau uku. Tunda kace ɗan Tamil Nadu ne, to ƙus ƙus ɗin da kake ji galibi Acyuta, Ananta, Gobinda yake cewa, duk sunayen abun bautarsu Bishnu ne. Sai ya goge leɓe, ya bi kumatu da ido da hanci da kunne da kafaɗa da cibiya da tsakar kai yana taɓawa da yatsu. Ba ya bin gaɓoɓi yana wankewa a jere irin naka na fuska da hannu da ƙafa, wankan da ya fara yi shi ya ɗauke masa wannan, kurɓar kuma wai ta cikin jiki ce.

Ka lura ko akwai zare rataye daga kafaɗarsa ta hagu ya sauko ƙugun dama. In akwai to da wuya in ba ɗan gidan Brahmin bane, wato dangin malamai da masu jan ibada, kuma abun da yake yi da asubar nan sandhya ce, ana so a yi ta sau uku a yini, da asuba da tsakar rana da faɗuwar rana, a cikinta ake maimaita addu'arsu ta Gayatri. Zanin nan kuwa a kudancin Indiya madi suke kiran wannan hali, a gidajensu na gargajiya wanke shi ake yi daban a shanya can sama inda hannu baya kaiwa, da sanda ake sauko da shi. Daga fitowa wanka har a idar da ibada in wanda bai yi wanka ba ya taɓa mutum, ko da ƙaninsa ne ciki ɗaya, to sai an sake. Kaga kenan ba da kai yake ba, da ƙanin nasa ne a ɗakin ma haka zai yi ta zille masa.

Kar kuma ka auna duk 'yan Hindu da shi. A ƙidayar 2011 sun kai miliyan 966 a Indiya kaɗai, ba su da shugaba ɗaya ba su da littafi ɗaya da kowa ke bi, mafi yawansu wanka ne kawai sai a kunna fitila da turaren tsinke gaban hoto a haɗa hannu minti biyu a ruga neman abinci.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Malamansu tun da can sun raba tsarki gida biyu, na waje da na ciki, kuma na cikin suka fi ɗagawa. Patanjali mai littafin Yoga Sutra (eh yogar nan da ake miƙe-miƙe a wuraren motsa jiki, asalinta tarbiyyar zuciya ce) ya jera abubuwa 5 da mai neman hanya zai lizimta, na farkonsu shauca, tsarki kenan, masu sharhi suka ce na waje da ƙasa da ruwa da abinci mai kyau ake samunsa, na ciki kuma sai an wanke dattin zuciya irin su hassada da girman kai. A wani babban littafinsu Bhagavad Gita an ce ƙofofin halaka uku ne, sha'awa da fushi da haɗama. Har addu'ar da suke karantawa in suna yayyafa ruwa a jiki kafin ibada ma'anarta ita ce ko mutum na da tsarki ko ba shi da shi, in dai ya tuna ubangijinsa to ya tsarkaka ciki da waje. Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa yana cikin littafin dokokinsu na Manu, mai kusan shekara 2000, inda aka ce ruwa jiki yake wankewa, zuciya kuwa gaskiya ce ke wanke ta, kuma duk cikin nau'o'in tsarki babu kamar tsarkin dukiya, wanda hannunsa bai da datti wajen neman kuɗi shi ne mai tsarki ba wanda ya dirje jiki da ƙasa da ruwa ba. Wannan kam da za a rubuta da manyan baƙi a manna a wasu ofisoshi, nasu da namu, da ba a yi asarar takarda ba. Sai dai ka riƙe sunan littafin nan, zai sake fitowa a tambaya ta uku kuma ba da kyakkyawar fuska ba.

TAMBAYA daga wani mai karatu a Maraɗi:

Malam na ga wani bidiyo a Facebook mutane dubbai suna nutso a wani kogi a Indiya, ga shara ga furanni ruɓaɓɓu na yawo a kai, can gefe kuma ana ƙona gawa ana zuba tokar a ciki, amma wani tsoho ya ɗebo da hannu ya kai baki. In da gaske tsarki suke nema ya za a yi su neme shi a wannan ƙazanta? Ni abun ya fi ƙarfin tunanina.

AMSA:

Ɗan'uwa kogin Ganga ka gani, kuma yadda ka kwatanta birnin Baranasi ne, wanda wasu ke kira Banaras ko Kashi, inda matattakalar dutse sama da 80 suka jeru a bakin ruwa, biyu daga ciki, Manikarnika da Harishcandra, na ƙona gawa ne dare da rana. Kogin tsawonsa kilomita 2,500 da 'yan kai daga tsaunukan Himalaya zuwa tekun Bengal. A wurinsu ba ruwa bane kawai, uwa ce abar bauta, Ganga Mata suke ce mata, labarinsu ya ce daga sama ta sauko ta cikin gashin abun bautarsu Shiba bayan wani sarki Bagirata ya daɗe yana roƙo don ta wanke tokar kakanninsa. Shiyasa ake ɗura ruwan a jarka a kai gida a ajiye shekara da shekaru, in mutum na gargara a ɗiga masa a baki da ganyen wani tsiro da suke girmamawa mai suna tulsi, kuma tsofaffi ke tattara komatsansu su koma Baranasi jiran mutuwa sabida imanin cewa wanda ya mutu a can ba zai sake dawowa duniya ba, domin a aƙidarsu mutum in ya mutu sake haifarsa ake yi a wata siffar.

Tsohon da ka gani ba makaho bane, yana ganin sharar sarai. Abun dai shi ne a kansa datti daban tsarki daban, datti abu ne da mutane suka watsa mata, tsarkin kuma nata ne ba ya gushewa, za ka ji suna cewa ai uwa bata ƙyamar ƙazantar ɗanta. To ni a nan nake da ja, domin wannan magana mai daɗin ji ita ce ta zama bargon da hukumomi ke lulluɓa da shi. Gawa da furanni ba su ne babbar matsalar ba, mafi yawan ƙazantar ruwan masai ne da kwatamin birane da ake sakowa ba a tace ba, sai kuma masana'antu, musamman majemun fata na Kanpur masu zubo sinadarin kuromiyam. Kafin mu yi musu dariya dai mu tuna abun da kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suka daɗe suna yi wa ruwan Kano, laifi tudu ne.

Gwamnati ta sha yunƙurawa. Firaministan lokacin Rajiv Gandhi ya ƙaddamar da shirin tsaftace kogin a 1986, gwamnatin Modi ta zo da Namami Gange a 2014 aka ware masa rupi biliyan 200, an gina matatun ruwa da dama amma birane na ƙaruwa fiye da matatun. A babban taron wanka na Kumbh Mela da aka yi a Prayagraj, tsohon Allahabad, daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu 2025, gwamnatin jihar Uttar Pradesh tace mutum sama da miliyan 660 suka halarta, kuma ana tsaka da taron hukumar kula da gurɓatar muhalli ta ƙasa ta kai wa kotun muhalli rahoto cewa ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya sun haura ƙa'idar ruwan wanka a wurare da dama. Babban ministan jihar, Yogi Adityanath, wanda shi kansa shugaban wurin bauta ne, ya tashi a majalisa yace sam, ruwan ya isa wanka har da kurɓa.

Amma akwai mutumin da nake ganin girmansa a wannan fage, Veer Bhadra Mishra. Shi ne shugaban wurin bautar Sankat Mocan a Baranasi ta gado, kuma farfesan injiniyan ruwa ne a jami'ar Banaras Hindu. Da safe ya sauka kogi yayi nutso don imaninsa, da hantsi ya shiga ɗakin gwaji ya auna ruwan ya ga abun da ke ciki, ya sha fama da taifod da shawara amma bai fasa ko ɗaya ba, a 1982 ya kafa gidauniya don matsa wa gwamnati ta daina sako masai a kogin, a kan haka ya rasu a 2013. Wani farfesan kuma, G.D. Agarwal, yajin cin abinci yayi na kwana 111 kan kogin har rai yayi halinsa a Oktoban 2018.

Ita kuwa tambayar ko ruwa na wanke zunubi kamar yadda masu nutson ke fata, 'yan garin sun yi ta tun kusan shekara 600 da suka wuce. Kabir, wani masaƙi ɗan Baranasi da ya tashi a gidan Musulmi, waƙoƙinsa cike suke da zolayar masu nutso, ana jingina masa cewa kifi kullum cikin ruwa yake amma ƙarninsa bai fita ba. Da mutuwarsa ta matso ma sai ya bar Baranasi da kowa ke rububin mutuwa a cikinta ya koma Maghar, garin da ake camfa cewa wanda ya mutu a can jaki zai dawo. Rabidas, mai aikin fata ne shi ɗan garin, daga gare shi aka samo karin maganar da har gobe ake yi da Hindi cewa in zuciya na da lafiya to Ganga na cikin akushinka. Ramakrishna na Kalkata kuwa, wanda ya rasu a 1886, cewa yayi zunuban kan bishiyar bakin kogi suke hawa su jira, mutum na fitowa daga wanka su diro masa a kafaɗa.

TAMBAYA daga wata Hajiya a Kaduna:

Assalamu alaikum Malam. Na raka mahaifiyata aikin gwiwa a Delhi muka kama ɗaki a gidan wata dattijuwa 'yar Hindu kusa da asibitin. Tsakani da Allah matar ta kyautata mana, har miya take aiko wa Mama, amma kofinmu da farantinmu daban ta ware, kuma ranar da na leƙa kicin ɗinta neman ashana sai da ta wanke ƙasan tas. Abun da ya fi ƙona min rai shi ne matar da ke zuwa wanke banɗaki, a bakin ƙofa take tsugunawa, daga sama ake tsiyaya mata shayi a wani fasasshen kofi da ke ajiye a bayan gida, ba a miƙa mata kuɗi a hannu sai dai a ajiye a ƙasa. Don muna baƙaƙe ne ko don muna Musulmi? Ita kuma wannan baiwar Allah me tayi?

AMSA:

Hajiya barka da dawowa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abubuwa biyu kika gani kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na kofi da kicin da sauƙi. A wurinsu yawu na cikin manyan abubuwan da ke ɓata tsarki, duk abun da bakin wani ya taɓa juta suke kiransa, shiyasa za ki ga ɗan Indiya ya ɗaga gora sama yana tsiyaya ruwa a maƙoshi leɓe bai taɓa ba, shiyasa kuma ake shan shayi a kofin yumɓu a fasa, a ci abinci a ganyen ayaba a yar. Kicin kuwa a gidan masu riƙo kusan wurin ibada ne, da wanka ake shiga ba takalmi, abincin ma abun bauta ake fara miƙa wa kafin kowa ya ci, wasu ko ɗanɗana gishiri ba sa yi a kan wuta. Sannan ku masu cin nama ne, har da na shanu, ita kuma da alama bata ci, binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 cikin 100 na 'yan Hindu ba sa cin nama, wasu ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa wai suna tada sha'awa da fushi. Da surukarta ce ta shiga kicin ɗin ba wanka itama da ta sha faɗa. Ba wai nace babu ƙyamar baƙar fata a Indiya ba, akwai ta, a Maris 2017 ma an yi wa ɗalibai 'yan Najeriya dukan kawo wuƙa a Greater Noida kusa da Delhi, amma matar da ke aiko wa mahaifiyarki miya ban ga alamar wannan ne ke damunta ba.

Na mai wankin banɗakin shi ne mai ciwo, kuma zuciyarki bata yi ƙarya ba. Ba abun da tayi, haihuwarta aka yi a dangin da aka yanke wa hukuncin cewa su najasa ne tun daga ciki, waɗanda a da ake kira waɗanda ba a taɓawa, yanzu suke kiran kansu Dalit. Masu shara, masu kwashe masai, masu jima, masu ɗaukar mushe. Ko ta yi wanka da sabulu goma ba zai canza komai ba a idon mai wannan aƙida. Littafin Manu ɗin nan da na yaba ɗazu, shi ne kuma yace irin waɗannan a bayan gari za su zauna, su ci a fasassun kwanuka, su sa tufafin matattu. Kin ga fasasshen kofin da kika gani ba daga sama ya faɗo ba.

Dr. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ɗan irin wannan gida ne. Yana yaro a makaranta buhu yake zuwa da shi daga gida ya zauna a kai can gefe, kuma bai isa ya taɓa famfo ba sai masinja ya zo ya tsiyaya masa daga sama, ranar da masinja bai zo ba haka zai wuni da ƙishi. Ranar 20 ga Maris 1927 ya ja dubban mutanensa zuwa tafkin Cabdar a garin Mahad suka sha ruwa, tafkin da dabbobi ke sha ba mai hana su. Bayan sun watse manyan gari suka kawo tulu 108 na kashin shanu da fitsarinsu da madara da nono suka juye a ciki wai suna mayar masa da tsarki. A Disambar shekarar Ambedkar ya ƙona littafin Manu a bainar jama'a, a 1956 kuma ya bar addinin gaba ɗaya ya koma addinin Buddha da mabiyansa dubu ɗaruruwa.

Sashe na 17 na tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan wariya, an kuma yi dokar hana kwashe masai da hannu a 1993 aka sake ƙarfafa ta a 2013, duk da haka har yanzu ana ciro gawar ma'aikata daga ramin kwatami kuma kusan dukkansu 'yan dangin nan ne. 'Yan Dalit ɗin nan gaba ɗaya mutum miliyan 201 ake magana a ƙidayar 2011. Wani babban bincike da aka yi a gidaje sama da 42,000 tsakanin 2011 da 2012 ya samu kashi 27 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa suna nuna wannan wariya, kuma kar mu yi saurin wanke kanmu, cikin gidajen Musulmin Indiya ma kashi 18 sun amsa. A ɗaya gefen akwai 'yan Hindu da suka yaƙi abun daga cikin addinin, irin su Basava a Karnataka tun ƙarni na 12 da Narayana Guru a Kerala, kuma matasan birni da yawa yau kunyar abun suke ji. Amma dattijuwar taki a haka ta tashi.

TAMBAYA daga wata mai karatu a Kumasi:

Malam a finafinan Indiya ina ganin suna yi wa gunki wanka da madara, meye amfanin? Kuma da gaske ne suna shafa kashin shanu a ɗaki?

AMSA:

Ƙanwata abhisheka sunan wankan. Su a ɗaukarsu abun bautar baƙo ne mai daraja da ya sauka a cikin siffar, murti suke ce mata, don haka hidimar baƙo ake masa har kala 16, a bashi wurin zama, a wanke masa ƙafa, a bashi ruwan kurɓa, wanka, sutura, turare, fure, fitila, abinci. Ana wankan da haɗin abu biyar, madara da nono da man shanu da zuma da sukari, sai a ɗauraye da ruwa, abun da ya gangaro a raba wa jama'a a tafin hannu. Ba duka suka yarda da haka ba, ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda ya kafa a 1875 gaba ɗaya bata yarda da bautar siffa ba, kuma duk shekara sai an yi cacar baki kan madarar da ake malalarwa alhali yara na kwana da yunwa.

Kashin shanu kuwa gaskiya ne, a ƙauyuka ana dama shi da ruwa a shafe ƙasan ɗaki da wurin girki da wurin ibada, domin duk abun da ya fito daga saniya mai tsarkakewa ne a wurinsu. Inda abun ya wuce gona da iri shi ne lokacin korona a 2021 da wasu a Gujarat suka riƙa shafe jiki da shi wai rigakafi, sai da ƙungiyar likitocin ƙasar ta fito tace ba magani bane, wata cutar ma zai jawo.

TAMBAYA daga wata malamar makaranta a Gusau:

Malam afuwan, mace mai al'ada fa? Tana ibada a wurinsu?

AMSA:

Malama ba abun afuwa. A al'adar masu riƙo kwana uku take janyewa, ba shiga wurin bauta ba taɓa kayan ibada, a gidaje da yawa har kicin, rana ta huɗu tayi wanka ta wanke kai ta dawo. Nasu ya fi tsanani ta wajen taɓawa, wasu gidajen shimfiɗarta da kwanonta ma daban. A yammacin Nepal abun ya kai ana fitar da mace wata 'yar bukka a bayan gida, caupadi ake kira, mata sun mutu da sanyi da saran maciji da hayaƙin wutar da suka hura, sai a 2017 aka mai da shi laifi mai ɗaurin wata uku.

Rigimar da ta fi girgiza Indiya ita ce ta Sabarimala a Kerala, wani wurin bauta a kan dutse cikin daji da aka hana mata 'yan shekara 10 zuwa 50 shiga kwata-kwata. Mazan da ke zuwa sai sun yi kwana 41 suna shiri, baƙaƙen kaya, ba takalmi ba aski ba nama ba giya ba kusantar iyali, wanka safe da yamma, kuma an hana su fushi da zagi, kowa da sunan girmamawa na Swami yake kiran ɗan'uwansa ko attajiri ne ko lebura. Wani abun da zai baki mamaki, a hanya sukan tsaya su kewaya masallacin Vavar a garin Erumeli, wai abokin abun bautar nasu ne Musulmi. Ranar 28 ga Satumba 2018 kotun ƙoli ta soke hanin da rinjayen alƙalai 4 da 1, kuma ɗayar da ta ƙi ita ce mace tilo a cikinsu, Indu Malhotra, tace ba aikin kotu bane auna aƙidar mutane da ma'aunin hankali. Da mata biyu suka samu shiga da rakiyar 'yan sanda ranar 2 ga Janairu 2019, rufe wurin aka yi aka yi masa wankan tsarki, jihar ta kama da zanga-zanga, daga baya aka tura maganar gaban zaman alƙalai mafi girma.

Duk da haka a Assam akwai wurin bautar Kamakhya inda duk watan Yuni ake rufe ƙofa kwana uku wai abar bautar ce ke al'ada, in an buɗe dubban mutane su yi ta turereniyar karɓar ƙyallen jan yadi don tabarruki. A kudu kuma in yarinya ta fara, biki ake mata da sabon sari da kyaututtuka.

TAMBAYA daga wata mai saloon a Jos:

Malam wai da gaske gashin Indiya da muke saye na mutane ne da aka aske a wurin bauta?

AMSA:

Wani daga ciki eh, 'yar'uwa. A Tirupati da ke jihar Andhra Pradesh dubun dubatar mutane ne ke aske kai ƙwal kullum, maza da mata da yara, akwai wani katafaren gini na aski kawai da ɗaruruwan wanzamai a jere, a jiƙa kan da ruwa a bi da reza, mutum ya tashi yaje yayi wanka sannan ya shiga layin ganin abun bautar. Cika alwashi ne, wata ta samu haihuwa wani ya warke wani ya ci jarrabawa, kuma suna fassara shi da sauke girman kai tunda gashi ado ne. Hukumar wurin ke tara gashin ta ware shi gwargwadon tsawo ta yi gwanjonsa, kamfanoni su saya su wanke su gyara su fitar Turai da Amurka da Afirka. A 2004 ma wasu manyan malaman Yahudawa sun haramta wa matansu hular gashin da aka yi da shi sabida an miƙa shi ga gunki, har ƙona su aka riƙa yi a titi a Isra'ila da New York. Sai dai na wurin bauta tsada gare shi sosai, mai arahar da ya cika kasuwa yawanci wanda ake bi gida-gida ana saye ne daga abun da ya maƙale a matajin mata, wani kuma an cakuɗa shi da na roba.